Mai Fom Ya Yi Sallama

A Amurka ɗan damfara mujalla yake tallatawa gida-gida, ya karɓe kuɗin shekara, ko bangonta ba za a gani ba. Namu na Kura da Bunkure ya fi shi sanin kasuwa, don wa zai sayi abin karatu alhali shinkafa na jiran taki? Sai ya rataya kati a wuya, ya rungumo fayil, ya yi sallama daidai lokacin da aka sako ruwan Tiga, wai fom ne na tallafi, a kawo na rajista da hoton fasfo biyu. Tun da aka ƙaddamar da bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi a 2015, kalmar rajista ta yi farin jini.

Za a ce baƙonka annabinka, korarsa ba tarbiyya ba ce. To, wa ya ce a kore shi? A shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo ruwan randa, a ce, “Malam, mu leƙa wajen mai unguwa ya sa albarka.” Na gaskiya zai miƙe a tafi tare. Ɗayan kuwa nan take zai tuna bai yi la'asar ba, ya nemi buta, ya zaga bayan masallaci inda ya jingine babur.