Abin da Bangon Walima Ya Nuna

Daren jiya a walimar ƙanwata ni ne mai nuna bidiyo. Tsohuwar laftof ce mai RAM giga 4, na ɗora mata Linux, na kuma cika wa dangi baki cewa ba ta san daskarewa ba. Aka kashe fitilu, majigi ya haska bango, hotuna suka soma wucewa kai-tsaye daga manhajar da na haɗa bidiyon.

Sai hoto ya ƙame a kan ango, baki buɗe, loma a hannu. Na girgiza linzami, ko gezau.

Kernel, wato jigon da ke raba wa manhajoji wurin aiki a ƙwaƙwalwar kwamfuta, halin ɗan kamasho gare shi: duk wanda ya nemi kujera sai ya ce akwai, yana lissafin ba duka za su zauna ba. In suka zauna, sai ya shiga jidar kaya zuwa faifai yana dawowa da su, wannan ne daskarewar. In nan ma ya cika, sai ya kira OOM killer. Shi kuwa maki yake dubawa, wanda ya fi cin wuri ya fi maki, ya aika masa sigina ta 9, wadda ba ta jiran a adana aiki ko a yi sallama.

Wa ya fi cin wuri? Bidiyona. Ɓat, ya ɓace.

Abin da ke bayansa kuwa ɗan ƙaramin fayil ne da bai tsone wa kernel ido ba: jadawalin gudummawar biki. Suna, kuɗi, da wani layi da na sa wa suna “Bayani”.

Tun jiya nake sake ganinsa. Bango fari tas, haruffa manya-manya. “Kawu: 2,000. Bayani: da motocinsa uku.” Ƙasa da shi, “Goggo: ta ce za ta turo. Bayani: haka ta ce a bikin Yaya.” Cokula suka tsaya. Mai gabatarwa, da yake bakinsa ya saba, har ya karanta layin farko a lasifika kafin hankalinsa ya iso. Na kai hannu in zare wayar majigin, ashe irin ta da ce mai sukurori biyu. Ina murzawa, yatsuna na santsin man kaza.

Nan masu agaji suka taso. Wata Hajiya ta yafa wa laftof ɗin mayafinta, a cewarta a rufa asiri, bango kuwa na nan yana shela. Wani ya ce a ɗaga ta sama ko za ta kama sabis. Amma gwarzon daren Kawu ne da kansa, wanda bai sa tabarau ba tukuna. Ya dafa kafaɗata.

“Ɗan nan, me ya same ta?”

“Wuri ne ya ƙare mata, Kawu.”

“Ai da ka faɗa!” Ya ɓalle bayan wayarsa, ya zaro memori da farce. “Ungo. Wa'azi ne kawai a ciki, goge rabi.”

Na fara yi masa bayanin cewa wurin ajiya daban, wurin aiki daban. Ya ce in hura ramin tukuna, ƙura ce. Ya ce tasa ma haka take yi, sai ya bar ta ta kwana a cikin shinkafa. Don ya taya ni gano ramin da za a zura memorin, ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau.

Ya saka. Ya juya wajen haske.

Da safe na buga dmesg don in ga rahoton kernel, ga shaidar nan layi ɗaya: “Out of memory: Killed process”, sai lamba da sunan manhajata. Mai karatu, kowane aiki a Linux yana da fayil mai suna oom_score_adj, mai ɗauke da lamba daga -1000, wato kada a taɓa shi, zuwa 1000, wato a fara da shi. In za ka haska bango a bikinku, rubuta wa jadawalin gudummawa 1000.