Wa ya aiki Lucas neman rana ta biyu?

A 1977 George Lucas ya ƙirƙiro duniyar Tatooine a fim ɗin Star Wars: rairayi iya ganin ido, rana biyu a sama, manoma kuma ba gero suke nomawa ba, ruwa suke tatsa daga iska da na'urori. A kudancin Tunisiya aka ɗauki yawancin wuraren, sunan ma daga garin Tataouine aka aro shi.

Da za a nuna wa makiyayin Korahane, can cikin Dakoro a Nijar, wannan fim a watan Afrilu, tsaki zai ja. Rana ɗaya tak gare shi, ta ishe shi har da saura. Na'urar tatsar ruwan dai zai so a ba shi aro, ko jakinsa ya huta da jan guga a bakin rijiya.

Sararin samaniyar gaske kuwa da kansa yake kawo ziyara Nijar. A Nuwamban 2023 aka tsinci dutsen duniyar Mars mai kusan kilo 25 a yankin Agadas. Kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fice daga ƙasar.