Ƙura Ce? To, Wace Irin Ƙura?

Na san amsarku tun ban buɗe baki ba. "Kai yaro, ƙura ce. Wa ya taɓa shiga karar shanu ta Wudil ran Juma'a ya fito da ido garau?" Na ji, Baba. Amma yau Talata, shanun sun daɗe da isa Kudu, kai kuwa har yanzu murzar ido kake, hawaye na zuba, rana ta fito ka runtse. Ƙurar nan haya ta kama ne?

Hajiya kuma ta ce tozalin ne bai karɓe ta ba. Allah ya huci zuciyarki, to 'yar matsefatar nan da kike ƙullewa a bakin zani fa? Kwana kaɗan a kira jika ta tsige miki gashin ido, ki ɗan samu sararawa, ya sake tsirowa gajere mai tsini. Kowace ƙiftawa yana gogar baƙin ido.

Mu daina ɗora wa tozali laifi. Amosanin ido ne da aka yi ta fama da shi tun yarinta, lokacin kwantsa da ƙuda da goge fuska da mayafi ɗaya. Ciwon ya bar tabo a cikin fatar ido, tabon ya ja ta ciki, gashin ya juya. Mata ya fi kamawa, don su ke ɗawainiyar yara. Ba ku yarda ba? Ku tsaya a haske, wani ya duba ta gefe. Ko gashi ɗaya ya gani yana taɓa ƙwayar ido, magana ta ƙare. In an bar shi, hakiya ce za ta rufe baƙin idon, kuma ita ba kamar yanar ido ba ce da ake cirewa gani ya dawo.

Maganin shi ne aikin asibiti, amma ga wani can yana cewa likita zai ƙwaƙule masa ido. Haba Malam, me zai yi da shi? Fatar kawai ake gyarawa, da allurar kashe zafi, ka kwana a gidanka ran nan. Gana ta fatattaki amosanin ido a 2018, Gambiya a 2021, Mali a 2023, kuma can ma akwai masu gardama irinku.

Babban Asibitin Wudil yana kusa, asibitin ido na ECWA yana Sabon Gari a Kano. Ku tafi tun kuna iya gane lambar mota da kanku.