Jinjina ga Manyanmu Masu Neman Rami a Ƙarshen Mako

Talaka bai san wahalar girma ba, shi ya sa yake yawan ƙorafi. Mutumin Geza, can ƙasar Bagudo kusa da iyakar Benin, idan Alhamis ta yi abin da ke kansa bai taka kara ya karya ba: kuɗin man injin ban-ruwa, buhun taki, da maganin zazzaɓin yara. Amma a daidai wannan lokaci akwai bawan Allah a Abuja, wanda mu muka yi layi a rana muka tura shi can, yana zaune cikin sanyin ofis ya yi tagumi, ya rasa filin golf da zai yi hutun ƙarshen mako a cikinsa. Jos zai tafi ko Kaduna? Kano ko Uyo? Wannan shi ne tashin hankalin da ba a sa masa rana, kuma har yau ban ji limamin da ya sa su a addu'ar Juma'a ba.

Kada a ɗauka zaɓin nan wasa ne. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, ga sanyi ga duwatsu, sai dai hanyar tana gajiyar da direba. Na Kaduna an kafa shi a 1921, yana da tarihi da tsofaffin hafsoshin soja da za a gaisa da su. Na Kano ma tun zamanin Turawa yake, amma a watan Afrilu rana ba ta san babban mutum ba. Na Ibom da ke Uyo akwai otal a jikinsa, ciyawa shar, sai dai dole a hau jirgi. Ga kuma na gida, filin IBB na Abuja mai ramuka 18, wanda aka buɗe a 1991. A wannan shekarar ce dai Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Kebbi. Tagwaye ne ke nan, kuma duk wanda ya ga yadda ake shayar da ɗaya, ya ga yadda ɗayan ke jiran ruwan sama, zai yaba da adalcin uwar da ta haife su.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan mai sauƙin fahimta ne. Ƙwallo ce ƴar mitsitsiya da ba ta kai giram 46 ba, ana bugunta da sanda har ta faɗa ramin da faɗinsa bai kai santimita 11 ba. Doka ta yarda mutum ya riƙe sanduna har 14, kuma tun da ba a san babba da ɗaukar kaya ba, akwai yaron da ke saɓa jakar yana biye da shi. Ga samar da aikin yi ga matasa a aikace, ba a takarda ba. Kafin a gama ramuka 18 an taka ƙasa kilomita shida ko fiye, in ba a hau ƴar motar fili ba. Manomin gero ma haka yake yi da sungumi ranar shuka: ya ɗaga, ya sara, ya matsa gaba, yaro na biye da shi da ƙwaryar iri. Bambancin kawai shi ne manomi yana yin ramuka dubbai saboda rashin tsari, yallaɓai kuwa 18 sun ishe shi, a tafa masa, ya wuce cin abinci. Wa ya fi iya tattalin ƙarfi?

Masu hassada suna cewa fili ɗaya yana cin kadada 50 zuwa 60, wai da shinkafa aka shuka da an ciyar da gari. Ba su san tarihi ba. A da, filayen Arewa da yawa ba su da ciyawa a bakin rami. Yashi ake cakuɗawa da baƙin mai a daddaɓe, ƙwallo ta riƙa gangarawa a kai. Wannan abin kunya ne ga ƙasa mai arzikin man fetur. Yau alhamdu lillahi an waye, burin kowane kulob shi ne ciyawa kore ko da a tsakiyar bazara, ana fesa mata ruwa safe da yamma. Shinkafa kowa na iya shuka ta, har mutanen Illo da Lolo da Tsamiya. Amma ciyawar da ba a ci, ba a ba dabba, aske ta kawai ake yi, wannan sai ƙasar da ta ci gaba.

Ai mu ma an yi mana gata. A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa. A Agustan 2019 aka rufe iyakoki, sai a Disambar 2020 aka fara buɗe wasu. A Nuwamban 2019 kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, domin mai noman rani a bakin Benin ya koyi motsa jiki wajen neman galan ɗaya. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Injin ban-ruwa da yawa sun samu hutun da suka daɗe suna nema. To idan injin talaka ya huta, don me za a hana shugabansa hutawa?

Akwai wata ni'imar ma da ba mu gode ba. Masu tsara filin golf kuɗi suke kashewa su haƙa tafki, su tara yashi a kwazazzabo, don wasa ya yi wuya ya yi armashi. Mu kyauta muke samu. A daminar 2020 kogi ya cika ya batse, rahotanni suka ce ruwa ya shanye kusan kadada 450,000 na shinkafa a Kebbi, wato filin da zai ɗauki dubban filayen wasa. Ramuka kuwa, duk direban da ya bi hanyoyin ƙauyukanmu da damina zai shaida cewa 18 ba komai ba ne, kafin a bar gari an cika su. Abin da ya rage mana tuta ce kawai a soka a kowane rami, sai mu gayyaci duniya.

Kishin manyanmu bai tsaya a gida ba, suna bibiyar ƙwararrun duniya kamar ƴaƴan cikinsu. Kowane Afrilu ana gasar Masters a Augusta ta Amurka, zagayen ƙarshe kan kai tsakar dare a agogonmu, amma yallaɓai ba ya runtsawa, janareto na ruri har sai an sa wa zakara koriyar kwat. Ya san Tiger Woods ya ci manyan kofuna 15, ya san na 2019 ya zo bayan tiyatar baya. Ya san Rory McIlroy ya ci Masters a 2025 ya tafi da dala miliyan 4.2, kuɗin da ma'aikaci mai albashin naira 70,000 zai yi sama da shekara 7,000 yana tarawa, in bai ci bai sha ba. Ya san rigimar da ta tashi a 2022 da kuɗin Saudiyya suka kafa gasar LIV suka janye taurari. Har zai tuna maka cewa Vijay Singh ya ci gasar Najeriya a 1988 tun kafin duniya ta san shi. Mutumin da ya haddace duk wannan, rashin tausayi ne a tambaye shi nawa ake sayar da buhun taki a kasuwar Kaoje, ko azuzuwa nawa iska ta yaye wa rufi a mazaɓarsa. Kai ɗaya Allah ya ba shi.

Kuma kada a manta, aiki ake yi a filin nan. Tsakanin rami na uku da na tara ake gama maganar kwangila, a na goma sha biyu a raba muƙamai, a na ƙarshe a shirya wanda zai gaji kujera. Babu takarda, babu ɗan jarida, babu hayaniyar masu zaɓe. Wasan ma dokarsa shiru ce: idan babba zai buga, kowa ya kame bakinsa, kada a motsa. Mu mutanen karkara mun daɗe da ƙwarewa a wannan fannin, shekara huɗu muke yi ba mu ce uffan ba. Wani abin burgewa, kowane ɗan wasa ana yarda da shi ya faɗi adadin bugunsa da gaskiya, ya sa hannu a kati. Ka ga ashe akwai inda manyanmu ke ƙirga abu daidai. Albarkar gaskiyar ce ba ta kai ga kasafin kuɗi ba tukuna, amma a yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka ina roƙon ƴan'uwana na Geza da Bagudo da kewaye mu daina damun bayin Allah da waya ranar Asabar. Ƙarar waya tana sa hannu ya karkace, ƙwallo ta faɗa ruwa, alhakin yana kanmu. Mai haƙuri ya kai matarsa asibiti a kan babur, mai gona ya sayar da akuya ya sayi mai, mai tsoron dare ya ƙara sakata. Idan lokacin zaɓe ya zo za su dawo da kansu, da atamfa da sabulu da taliya, su ce ranka ya daɗe ga wanda ba su amsa sallamarsa ba jiya. Ranar nan mu tausaya musu. Duk wanda muka ga wasan nan ya shiga ransa, mu dangwala wa wani, mu sauke masa nauyinmu, ya samu Litinin har Lahadi yana neman raminsa ba mai katse shi.