Kifa Keken Mu Ga Cikinsa, Alhaji

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. "Malam, duk abin da ke damun jama'a, ka rasa abin rubutu sai tsohon keke?" Wani ma zai ƙara da cewa kayan da 'yan gwangwan ke awo a sikeli ne nake neman yi wa tarihi. To, sannunku. Ku ne dai ba ku taya rago sai kun buɗe bakinsa kun duba haƙora, ko dillali zai rantse har ya gaji. Amma da an jingina muku keken hawan duwatsu ɗan Kwatano, sitika tana ƙyalli, aka ce "wannan asalin na farko ne, na 1981", sai ku hau gyaɗa kai kuna shafa sirdi. Wasunku kuma su ce ƙarya ne, alhali su ma ba su da hujjar ƙaryatawar. Da mai gaskatawa da mai ƙaryatawa duk jirgi ɗaya ya kwaso ku, domin babu wanda ya sunkuya ya duba.

Bari mu ɗauki keken da aka fi yi wa wannan kirari, wato Stumpjumper na kamfanin Specialized. Kafin shi, hawan dutse da keke wasan wasu samari ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya, waɗanda ke tsinto tsofaffin kekunan Schwinn masu kaurin taya su gangaro da su daga tudu. A 1976 suka fara gasar gangara da suka kira Repack, inda birki ke zafi har giris ya ƙone. Joe Breeze ya ƙera nasa firam ɗin musamman don wannan aiki a 1977, Tom Ritchey ya biyo baya, Gary Fisher da Charlie Kelly suka shiga sayarwa. Duk aikin hannu ne, ɗai-ɗai. Sai a 1981 Mike Sinyard, mai Specialized, ya ba da kwangila a Japan aka ƙera masa da yawa, ana sayar da kowane ɗaya dala 750. Wajen 500 aka shigar Amurka a shekarar farko. Ɗari biyar fa, Alhaji, a duk duniya, shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce. Kai kuma ka ce ɗaya daga cikinsu ne ya ratso teku ya zo ya jira ka a gindin dalbejiya, a kan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. Allah mai iko ne, ban musa ba. Amma kifa shi tukuna.

Ee, kifa shi, sirdi da kai a ƙasa, ƙafafu a sama. A ƙarƙashin bututun da sandar feda ke juyawa a ciki, nan ake buga lambar firam. Goge daskararren mai da tsumma da ɗan kananzir, ka haska da tocilar waya a karkace, lambobin za su fito ko da fenti ya cike su. Sai dai kada ka yi saurin murna don ka ga 8 da 1 a jere. Specialized ba su da masana'antar kansu a lokacin, ƙera musu ake yi, kowace masana'anta kuma da irin lissafinta. A wata lamba harafin farko na nufin masana'anta, a wata wata ne, a wata kuma ba ya nufin komai sai jeri. Lambar firam takan taimaka ne in an gwada ta da ta 'yan'uwanta da aka tabbatar da shekararsu. Ita kaɗai ba ta yanke hukunci.

"To ka gani, ashe kai ma lalube kake yi." Yi haƙuri, Malam, ban gama ba.

Dubi mahaɗar bututun. Na farkon nan walda aka yi musu kai tsaye, baki da baki, ana ganin sawunta. Daga baya ne aka koma cusa bututun cikin 'yan kwalaye na ƙarfe ana like su da tagulla. Sannan kayan jikinsa tarkace ne daga ƙasa-ƙasa, saboda a 1981 babu kamfanin da ke yin kaya takanas don keken dutse: ƙarfen feda na TA ne daga Faransa, birki na Mafac shi ma daga Faransa, abin canza giya na SunTour daga Japan, hannun birki kuwa na Tommaselli ne daga Italiya, wanda asali don babur aka yi shi, shi ya sa za ka gan shi zabgege. Giya 15 ce, faranti uku a gaba, biyar a baya, taya inci 26. In naka yana da faranti bakwai a baya da sunan kamfanin Shimano a rubuce ko'ina, to ko an canza masa kaya kaf, ko kuma ba shi ba ne. Na fi zaton na biyun.

Shimano ɗin nan ma ita ce ta fi kowa tona asiri, shi ya sa nake ƙaunarta. A bayan ƙarfen feda, ko a jikin abin canza giya, akwai wasu ƙananan haruffa biyu da aka buga. Na farko shekara, na biyu wata. Lissafin ya fara da A a 1976, don haka G ita ce 1982, K 1986, M 1988, O 1990. Watan kuma A Janairu, B Fabrairu, har zuwa L Disamba. Ka ga MC, Maris ɗin 1988 ke nan, ko mai keke ya yi ta kumfar baki. Mai wayo a cikinku zai ce haruffan ai 26 ne, in sun ƙare fa? Madalla da ɗalibi. Sun ƙare a 2001, aka sake komawa A a 2002. Saboda haka in ka ga A a jikin birkin zamani, kada ka ruga gida kana shelar ka samu kayan 1976. Dubi siffar abin, za ta gaya maka zagayen da yake ciki.

Akwai kuma abin da ke rikita ko da masu sunkuyawar. Keken da ya shekara talatin yana yawo ya sha hannun masu gyara, a can da nan. An sauya sarƙa, an sauya taya, watakila an ɗauko ƙarfen feda daga wani mataccen keke an ɗora. Harafi ɗaya a kan abu ɗaya ba ya isa. A duba uku ko huɗu. In feda da birki da cibiyar ƙafar baya duk sun faɗa tsakanin ƙarshen 1987 da farkon 1988, to keken na 1988 ne, domin kaya kan riga keken fitowa da 'yan watanni, kamfanoni kuma kan fara ƙera na baɗi tun bana ba ta ƙare ba. Wanda ya fita daban a cikinsu, baƙo ne.

Abin da mai gyara ba ya iya sauyawa da sifana shi ne abin da aka like a jikin firam. Wajen 1986 zuwa 1988 aka yi wani yayi na maƙala birkin baya a can ƙasa, bayan feda, ƙarƙashin sandunan da ke bin sarƙa. An ce ya fi kamawa. Ya kuwa kama, har da taɓo da ciyawa da duk abin da hanya ta bayar, ga wuyar sa hannu in za a gyara. Ba a daɗe ba aka watsar. In ka ga 'yan ƙusoshin birki a wannan wuri, ka kusa sanin shekarar ko babu harafi ko ɗaya. Haka tazarar da cibiyar ƙafar baya ke shiga: cire ƙafar, sa ruler. Milimita 126 na nuna farkon shekarun 1980, 130 ƙarshensu, 135 kuma daga wajen 1990 zuwa sama. Kekunan farkon kuma dogaye ne, har kana iya zura dunƙulen hannu tsakanin tayar baya da bututun sirdi. Na baya an tsuke su.

Sauran alamomin a gurguje. Giya mai "ƙas-ƙas", wadda kowane danni ke faɗawa gurbinsa, ta iso kayan Shimano samfurin Deore XT a 1987. Shokozoba a gaba sai wajen 1989 da kamfanin RockShox, kuma shekaru suka shuɗe kafin ta zama ruwan dare. Birkin V mai dogayen hannuwa na 1996 ne. Farantin gaba da ka gani kamar ƙwai, kada ka kai wa maƙeri ya buga maka shi ya daidaita, don Allah. Biopace ne, haka Shimano ta yi shi da gangan tun 1983. In kuma ka ga an rubuta Taiwan a maimakon Japan, ba jabu ba ne dole. Bayan 1985 kuɗin Japan ya yi tsada, kamfanoni da yawa suka kwashe kwangilarsu zuwa Taiwan.

Hajiya a can baya tana tambaya, duk wannan wahala nawa za a samu? Gaskiya, galibi ba wani abin kirki ba. Yawancin kekunan nan na gama-gari ne, an yi su dubbai, darajarsu ita ce har yau suna tafiya kuma kowane mai faci a bakin titi zai iya taɓa su. Ribar sunkuyawa ita ce ba za ka biya kuɗin tarihi a kan sitika ba, kuma in ka je sayen kayan gyara ka san girman da za ka nema, ba ka sayo na faranti takwas ka dawo kana dukan firam da guduma don ya shiga ba.

Kafin ka ƙirga kuɗi, kwance ƙusar sirdi ka murɗa shi hagu da dama. Sandar alminiyam da ta shekara ashirin a cikin bututun ƙarfe babu giris takan manne ta zama abu ɗaya da shi. In ta ƙi motsi, tsawon wanda ya hau keken a Jamus ko Osaka shi ne tsawonka daga yau, kai kuma, Alhaji, na ga ƙafarka ba ta kai feda ba.