Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Manhajar Gyaran Murya

Ranki ya daɗe,

Wata uku ke nan muna kwana ɗaki ɗaya, ke a cikin kwamfutar da autana ya bar mini, ni a kan tabarma, don haka gara mu fahimci juna kafin a ji kanmu a waje.

Ke ba ki san ni ba. Ina kwalejin horon malamai na fara jin Ɗan Maraya Jos a rediyo, washegari na cinye sadin gwangwani guda ba don yunwa ba, don dai in samu ƙoƙon kuntigi. Wani baduku ya rufe mini shi da fatar akuya, muka ɗaura tsirkiya ɗaya. Gidanmu ba mu gaji kiɗa ba, saboda haka a ƙarƙashin gado kuntigin ya yi ƙuruciyarsa. Waƙoƙina na farko a kaset na ɗauke su: a danna maɓalli biyu tare, a harari duk wanda ya yi tari, minti talatin kowane gefe. In zare ya harɗe a sa biro a naɗe shi. Sai aure, sai 'ya'ya, sai alli da allo shekara talatin da biyar. Ina yin ritaya waƙa ta dawo tana yi mini sallama kamar mai bin tsohon bashi.

Situdiyona kin gan shi, babu abin ɓoyewa. Kabad ɗin uwargida ne, na cusa makirfo tsakanin atamfofinta da babbar rigata ta salla, na lulluɓa da bargo don kada bango ya maido da sauti. Sai na jira janaretan maƙwabci ya mutu, in yi sauri in gama kafin zakara ya karɓi amshi. Duk wannan na jure. Ke ce matsalata.

Na binciki asalinki, don ba a zama da baƙo ba a san gidansu ba. Kakanku Auto-Tune a 1997 aka haife shi a Amurka, a hannun injiniya Andy Hildebrand, mutumin da a da aikinsa nazarin amon ƙarƙashin ƙasa ne don gano inda mai yake kwance. A 1998 mawaƙiya Cher ta fito da shi fili a waƙarta Believe, daga nan zuri'a ta bazu har ta cika waƙoƙin finafinanmu. Sana'ar gidanku ɗaya ce: kun haddace sautuka goma sha biyu na fiyano, duk muryar da ta faɗo tsakanin biyu sai ku finciko ta zuwa mafi kusa, kamar ɗan kamasho yana cusa fasinja a mota.

To ni a tsakanin nan nake zaune. Ranar farko kika tambaye ni a kan wane sauti na ɗaura waƙar. Ranki ya daɗe, kuntigina bai taɓa ganin fiyano ba. Da hunturu fata ta ɗame, muryarsa ta hau. Da damina ta saki, ya koma magana kamar mai mura. Inda ya je nan nake bin sa, shekara arba'in ba mu taɓa faɗa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na daren Talata. Na yi wa wani aminina da ya rasu waƙa, na ce tun tafiyarsa nake kuka. Kika ga gaɓar ƙarshe ba ta yi miki ba, kika danne ta ƙasa. A Hausa kuwa hawa da saukar murya ma'ana ce, ba ado ba. Da na saurara, sai ga ni tun tafiyar aminina na zama bishiyar da ake miya da ganyenta. Uwargida da ta ji daga tsakar gida ta leƙo tana tambayar wace yarinya ce take rera waƙar fim a cikin kabad ɗinta. Na yi rantsuwa har sau uku kafin ta yarda ni ne.

Ba zan ci amanarki ba. A waƙar da na yi wa jikata, inda numfashi ya yanke mini murya ta zame, kin tallafe ni babu wanda ya gane, na gode. Amma ki sani Mamman Shata ya rasu a 1999, kakanku yana ɗan shekara biyu, kuma har yau babu wanda ya kunna kaset ɗinsa ya ce a kira mai gyara. Ni ban kai Shata ba, ko ɗan amshinsa ban kai ba. Sai dai karkarwar da kike gogewa a muryata shekara sittin da biyar na yi ina tara ta.

Saboda haka daga yau ba za ki ƙara taɓa waƙa ba sai na kira ki, shi ma gaɓa ɗaya, ki gyara ki koma. Waƙar aminina na sake ɗaukarta jiya ba tare da ke ba. Akwai tari a tsakiya, akwai zakara a ƙarshe, kuma haka zan aika wa iyalansa.

Ki huta lafiya.

Naki,
Tsohon malamin firamare, mai kuntigin gwangwani