Tarwada Ba Ta Shan Kunun Kanwa

Ana auna tsamin ruwa da sikelin pH, daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsaka-tsaki. Ƙasa da ita ruwa ya yi tsami, sama da ita ya karkata ɓangaren kanwa. Tarwada ta fi sakewa tsakanin 6.5 da 8.5. Mai wannan rubutu ya koyi darasin a bayan ɗakinsa a Talata Mafara, da kuɗin 'ya'yan kifi zubi biyu.

Abin dubawa na farko shi ne kwamin kifin kansa. Sabon siminti yakan saki sinadarinsa cikin ruwa har awon ya haura 10, shi ya sa ake jiƙa kwami a zubar, a sake jiƙawa, na tsawon makonni. Marubucin ya gama shafe ranar Laraba, ya zuba kifi ranar Juma'a. Ranar Asabar kajin gida suka yi walima.

Sai asalin ruwan. Na sama yana da ɗan tsami, wajen 5.6. Kifin madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, yana cikin yalwar da ke shanye canji a hankali. Kwamin gida kuwa bokiti kaɗan ke birkita shi.

Kashin kifi da ragowar abinci idan suka ruɓe suna ƙara tsami. Haka iskar da kifi ke fitarwa da dare, wadda gansakuka ke zuƙewa da rana. Don haka awon asuba yakan gaza na la'asar.

Mafi haɗari ita ce shawarar cikin gida. Da awon zubi na biyu ya faɗi, uwargida ta ce, “Maigida, ba tsami ba ne? Ai da kanwa ake kashe tsamin yakuwa.” Marubucin ya antaya tafi biyu. Canjin gaggawa yana gigita kifi, kuma hawan awon yana ƙara wa ammoniyar kashinsu dafi. Ganin tarwada ta fara juya ciki sama, sai ya jiƙa tsamiya don a yi kunnen doki. Maƙwabci ya leƙo ta katanga ya tambaya ko a kawo gero da sukari.

Gyaran da ya dace shi ne a riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a rage abinci, a auna kafin a zuba komai. A gidan marubucin kwana uku aka yi ana cin farfesu.